Fuskokin da Ɗahiru Bai Zana Ba

Ɗahiru yana kan tsani yana ƙarasa fukafukan kurciya lokacin da Fasto Bawa ya shigo majami'a ya tsaya cik. Ranar Asabar ce. Gobe za a yi wa mutum bakwai baftisma, kuma an yi wa jama'a alkawarin sabon zane a bango.

Shekara goma sha biyu Ɗahiru yana zana allunan masu aski da masu tsire a Tasawa. Wannan ne aikinsa na farko wurin Kiristoci, kuma kwana huɗu ya yi yana tambaya. Me ya sa kurciya, ba tantabara ba? Me ya sa sai an nutsar da mutum, alhali ga buta? Fasto ya ce tsohon mutum ake binnewa cikin ruwan, sabo ya fito. Ɗahiru bai taɓa ganin Kogin Urdun ba, sai ya zana tabkin damina, da goriba a bakinsa.

Ba tabkin ne ya dami Fasto ba. Mutum biyun da ke cikin ruwa duk sun ba da baya.

"Malam Ɗahiru, ina fuskar Yesu? Ina ta Yohanna?"

Ɗahiru ya sauko. Ya ce sai da aiki ya yi nisa ya gane Annabi Isa ne da Annabi Yahaya, shi kuwa hannunsa ba ya zana fuskar annabi. In zanen bai yi ba, ga farar ƙasa a bokiti, yanzu sai ya shafe.

Fasto ya dubi bokitin, ya dubi bango.

Biba, tsohuwa daga Hawandawaki, ɗaya cikin bakwai ɗin, tana shara a bayansu. Tun Litinin take cewa ruwan take tsoro. Ta ajiye tsintsiya ta matso.

"Wannan ai tabkinmu ne," in ji ta. "Ɗana, ruwan iya ina?"

Ɗahiru ya ce iya ƙugu.

"To Fasto, ka bar su haka. Wanda kake bi, ai ƙeyarsa kake gani."

Fasto ya ɗauki bokitin ya kai waje.

Ɗahiru ya sake hawa tsani, ya tsoma buroshi cikin baƙin fenti, sannan ya waiwaya.

"Fasto, ita kurciyar fa, a sa mata ido?"

"Sa mata."