Ranar da Bututun Ya Sake Yin Hayaki

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rufe kamfanin takarda, amma kullum da safe sai Baba ya sa rigar aikinsa mai ruwan ƙasa, ya ɗora hula a gwiwa, ya zauna bakin taga yana kallon dogon bututun hayakin kamfanin. Shekara talatin ya yi a ɗakin busar da takarda. Mutanen wannan ɗakin ba su da agogo sai bututun. In bai yi hayaki ba, tukunya ba ta yi zafi ba, babu tururi, babu aiki, fita ma ɓata takalmi ne. Tsufa ya kwashe wa Baba sunayen jikokinsa, ya kwashe hanyar gida, amma ya bar masa wannan dokar.

"Yau ma sun makara," yakan ce.

"Sun makara, Baba. Ka jira su," in ji Auta, ƙaramar 'yarsa, tana ajiye masa abinci da ruwa inda hannunsa zai kai. Daga nan sai ta ja ƙofa ta tafi kamfanin sabulu, inda take jera sabulu a kwali. Da yamma ta dawo ta same shi inda ta bar shi. Bututun ne ke yi mata rainon uba, bai taɓa gajiya ba.

Da aka manna takarda a bangon layinsu cewa za a rushe bututun ran Laraba da ƙarfe biyu, yayanta ya zo da sabon kwaɗo, ya ajiye a kan tebur.

"Ki dinga rufe shi in za ki fita, Auta."

"Akuya ce, Yaya?"

"To ɗauko shi ki kawo mini ɗaki ɗayan da muke ciki mu shida. Ni dai na sayo, ya rage naki."

Ta jefa kwaɗon cikin gwangwanin maɓallai. Ta riga ta faɗa wa ranta cewa mutumin da ya goya ta a wuyansa zuwa makaranta, ba ita za ta kulle shi ba. Ta roƙi shugabar sashensu ta sake ta da sha biyu ran Laraba, ta zo ta zauna da shi, ta saki labule har a gama. Abin da zai biyo baya kuwa, ta gaji da tunaninsa.

Ran Laraba wajen ƙarfe goma, tana cikin jera sabulu, sai matar da ke kusa da ita ta leƙa taga ta yi dariya.

"Ku ga tsohon bututun nan, zai mutu ma sai da ya kunna sigari."

Auta ta ɗaga kai. Baƙin hayaki ne ke fita daga bakin bututun, a murtuke.

"Ai haka suke yi," in ji matar. "Mijina ya ce inji ba zai shiga lungun ba. Sun fasa bulon gindinsa ta gefen fili, sun tokare da katako. Katakon suke ƙonawa, in ya cinye sai ya kwanta can. Sun ce iskar yanzu ta fi, shi ya sa ba su jira biyu ba. Ke ina za ki?"

Auta ba ta ko cire safar hannunta ba. Kamfanin takardar yana tsakanin wurin aikinta da gida. Ta bi ta bayan garejin manyan motoci, ta tsallake lambatu, takalminta ɗaya ya tsinke ta riƙe shi a hannu. Jama'a sun cika bayan igiyar da aka ja, kowa ya ɗaga waya sama. Can cikin igiyar, kusa da tsohuwar ƙofar kamfanin, ta hango riga mai ruwan ƙasa. Wani ƙaton mutum mai hular kwano, shugaban masu rushewar, yana riƙe da hannun Baba yana jawo shi a hankali.

"Wa ya hura wannan wutar?" Baba ke tambaya da suka iso. "Wannan baƙin hayakin ai duk takardar yau ta tashi aiki. Taya kuka zuba?"

"Ni ne, Baba. A yi haƙuri, sabon ɗauka ne ni," in ji mutumin, yana share zufa. Ya dubi Auta. "Naki ne?"

"Mahaifina ne."

"Saura kaɗan ya sa in yi kwanan kurkuku. Ƙanwata, a dinga kula da su."

Ta ce, "Na gode."

Ta rungumi hannun Baba. Aka busa usur. Bututun ya yi kamar ba zai motsa ba, sannan ya karkata a hankali irin na mai gyangyaɗi, ya karye biyu a sama, ya zube a filin. Ƙasa ta motsa ƙarƙashin ƙafarta marar takalmi. Mutane suka yi tafi. Jar ƙurar bulo ta sauka a kan hular Baba, ya cire ta ya kaɗe.

"An tashi ke nan?"

"An tashi, Baba. Mu je gida."

Da yamma ta wanke rigar, ta goge, tana fatan ko abin da ya gani zai zauna masa. In babu bututu babu hayaki, ta ce a ranta, wataƙila ma ta huta.

Washegari ya sa rigar, ya ɗora hula a gwiwa, ya zauna bakin taga. Auta ta kawo abinci, ta kalli wurin da bututun yake a da. Sarari ne fayau. Can nesa, daidai inda ya tare duk shekarun nan, ga siririn bututun kamfanin sabulu, wurin aikinta, yana fitar da farin hayakinsa kamar kullum. Ba ta taɓa sanin ana iya hango shi daga nan ba.

Baba ya miƙe, fuskarsa a sake.

"Yauwa, wannan shi ne hayaki. Ina takalmina?"

"Zauna ka ci abinci tukuna, Baba."

Ya zauna. Ta shiga ɗaki ta zazzage gwangwanin maɓallai a kan gado. Ta fita, ta ja ƙofa, ta danna kwaɗon da hannu biyu don kada ya yi ƙara. Mukulli ɗaya ta ba wani tela da ke ƙasan benensu.

Tana ɗaure takalminta a matakala ta ji ƙwanƙwasawa daga ciki, a hankali, cikin ladabi.

"Maigadi, a taimaka a buɗe. Zan makara."

Ta daɗe zaune da takalmin a hannu. Da ta ji usur ɗin kamfanin sabulu, sai ta tashi ta tafi, don ita ma ta makara.