Ranar da Gabriel Bai Hau Jirgi Ba

Aaron ya manna wayar haya a kunne, a ƙarƙashin lemar Monica mai wayar, da ke ƙofar asibitin, ya gaya wa ƙanensa Gabriel cewa jikin Baba ya rikice, likita ma ya ce a kira na nesa.

Gabriel sojan ruwa ne a Fatakwal, aikinsa nutso da tulun iska a baya. Kowa a unguwarsu Rikoto ya san haka, don Baba, tsohon saja, ba ya gama gaisuwa bai sako zancen ba. Aaron kuwa, wanda ke noma dawar gidan, yake ɗaga tsohon ya kai shi bayan gida, sunansa "wancan na gida". Abin yana cin sa, ba tun yau ba.

Sai ga Gabriel yana inda-inda. Wai da safen nan ya fito daga ƙasan teku, kuma dokar aikinsu ba a hawa jirgin sama sai an kwana an wuni. Wai iskar da jini ya sha a can ƙasa takan yi kumfa in an yi sama, ta shanye ƙafafun mutum, wani ma ta kashe shi.

Daɗi ya kama Aaron, daɗi mara kyau. Yau dai gwanin Baba ya gaza!

"Kumfa? To zauna. Zan gaya masa kumfa ta hana ka."

Can Gabriel ya ce, "Akwai jirgin Abuja da yamma, Yaya. Zan hau."

Aaron ya miƙa wayar. Monica, wadda ba abin da ke wuce kunnenta, ta ƙi kallonsa. Ya kai bakin ɗakin marasa lafiya ya tsaya. Ya san yaron nan sarai: bai iya ƙarya ba, kuma in ya ce zai yi, to ya yi. Ya hango shi ana sauko da shi daga jirgi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Ya juya da sauri har takalminsa na fita.

"Baba ya tashi zaune, har ya sha kunu," in ji shi a waya. "Kada ka hau komai. Ka zo jibi."

Ƙarya ce tsagwaronta, Gabriel kuwa har da godiya ga Allah.

Da ya koma, tsohon ya buɗe ido da ƙyar, ya tambaya ko Gabriel ya taso.

"Ni na ce ya zauna, Baba."

Ya buɗe baki zai kawo dalili, tsohon ya ɗaga hannu.

"Dama na sani. Tun kuna yara kake baƙin ciki da shi."

Ya juya fuska bango. Aaron ya ɗauki tsumma ya jiƙa, ya shiga goge masa wuya. Bai musa ba, don shi kansa bai san ko akwai ƙarya a cikin maganar ba.