Yadda Asibitin Baba Allura Ya Koma Kore

A kan bencin ƙofar kemis suka ƙulla maganar, da hantsi, Baba Allura da ƙanin matarsa mai shagon. Sharaɗin ba shi da tsawo. Duk wanda ya zo ƙaramin asibitin da ke tsallaken titi ya kafe sai an ba shi kafso, Baba Allura ba zai buɗe kabad ɗin gwamnati ba, zai rubuta sunan maganin a 'yar takarda ya ce masa ya tsallaka. Shi kuma Mai Kemis ya ba da magani, ya yaga takardar, ya kama bakinsa.

"Yaya, shekara nawa kana kirana ɗan kasuwa mai kashe mutane," in ji Mai Kemis yana dariya. "Yau kuma ni ne asibitin?"

"Kai dai ka yaga takarda. In wa'azi kake so, ka zo gida yayarka ta yi maka."

Baba Allura ba cikakken likita ba ne, ko da yake rabin unguwa haka suke kiransa. Shi ne dai shugaban asibitin, mai ɗaki uku da baranda, kuma wata takwas suka rage masa ya yi ritaya. Abin da ya kai shi bencin nan wata rajista ce mai kauri da ofishin shiyya ya rarraba wa asibitoci. Duk maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka bayar, wanda ma'aikata ke kira antibayotik mutanen gari kuma suke ce wa kafso, sai an rubuta wa aka ba, don wane ciwo, na kwana nawa. Ƙarshen wata wata yarinya daga ofis, da suka raɗa wa 'Yar Ofis, takan zo ta ɗauki hoton shafukan da waya. Bayan mako biyu takarda ta dawo, kowane asibiti da launinsa: kore, rawaya, ko ja.

Nasa ja ya fito, sau biyu a jere. A cikin mutum goma da suka shigo, bakwai da kafso suke fita. Ba wai bai san mura ba ta jin kafso ba. Ya sani sarai. Amma ka gaya wa mutumin da ya bar sana'arsa ya zauna a benci tun safe cewa ya je ya sha ruwan ɗumi ya kwanta, gobe ka ji a gari ana cewa hannun likitan nan ya mutu. Shekara talatin da ɗaya yana wannan ja-in-ja, ya gaji, ya koma miƙawa kawai.

Sai direban motar ofis, wanda ba ya rasa labari, ya raɗa masa cewa ja uku a jere canjin wurin aiki ne. Wannan kuwa ita ce maganar da ta hana shi sukuni. Matarsa ta shekara biyu a kwance, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Tsakanin asibiti da gida tafiyar minti bakwai ce a ƙafa. Kullum da azahar yakan je ya juya ta, ya shafa mata mai a baya don kada gyambo ya kama ta, ya ba ta abinci da cokali, ya dawo. Ba ta yarda kowa ya ɗaga ta sai shi. Ta ce sauran duk ɗaukar buhu suke yi mata. In aka cilla shi wani wuri, wa zai yi?

Dabarar ta yi aiki fiye da yadda ya so. Wata na farko asibitin ya koma rawaya, na biyu kore. Mutane ba su yi ƙorafi sosai ba, tunda dai da takarda suke fita a hannu. Ungozomar asibitin ta ga abin da ke gudana, ta ce ita haihuwa aka kawo ta karɓa, ba shaida ba. Mai Kemis ya ƙara benci na biyu a ƙofar shago, in ya hango mijin yayarsa zai wuce gida sai ya ɗaga murya ya ce a gaida likitan da ba ya ba da magani.

A wata na uku wata mata ta dawo da 'yarta, kunnen yarinyar yana zubar da ruwa, jiki zafi rau. Ya gane su, shi ya tura su tsallake kwana goma da suka wuce, da takardar maganin kwana bakwai. Ya tambayi uwar ko an sha duka. Ta ce na kwana biyu Mai Kemis ya yanko mata, iya ƙarfinta ke nan, da zazzaɓin ya sauka kuma ta ɗauka an gama. Baba Allura ya daɗe yana kallon kabad ɗin, ga kwalaye nan jere har wasu sun kusa lalacewa, kyauta gwamnati ta ajiye su. Ya buɗe, ya ba ta na kwana bakwai cif, ya rubuta a rajista da hannunsa. Da yamma ya tsallaka ya yi wa ƙanin matarsa faɗa. Shi kuwa ya ce shago ba asibiti ba ne, abin da mutum ya iya saya shi ake ba shi, kuma in Yaya ya tuba, ƙofar kabad ai ba a tsallake take ba. Baba Allura bai tuba ba. Wata biyar ne suka rage, ya ce wa ransa, a daure.

'Yar Ofis ta zo ranar wata Talata, ba ƙarshen wata ba, da ambulan a hannu da fara'a a fuska. Ta zauna a kujerar marasa lafiya ta yi masa albishir: cikin asibitoci arba'in da biyu na shiyyar, babu wanda ya sauko daga ja zuwa kore da sauri kamar nasa. Manya sun yi zama, sun ga bai kamata a bar irin wannan ƙwarewa ta tafi ritaya ba a amfana da ita ba. Akwai wani asibiti can ƙarshen shiyya da ya fi kowa ja, an tura shi ya riƙe shi na sauran watanninsa, ya koya musu yadda ya yi.

Ya karanta takardar sau biyu. Wurin ya san shi, mota biyu ake hawa, awa uku in hanya ta yi kyau. Ya tambaye ta a hankali, to su masu ja uku a jere, ina ake kai su? Ta yi mamaki, ta ce ba inda ake kai su, bita ake kira su ta kwana biyu, a ba su kayan gwajin jini. Wa ya ce masa ana canza su?

Bai ambaci direba ba. Ya gyara gilashinsa, ya kawo maganar matarsa. Ta tausaya ƙwarai, har idonta ya kawo ruwa, amma ta ce takardar ta riga ta sha hannu uku.

"'Yata, in aka ce abin da ke cikin rajistar nan ba shi ke nan ba fa?"

Ta waiwaya ta taga. Daga nan ana hango benci biyu na ƙofar kemis, cike da mutane, kowa da 'yar takarda a hannu. Ta juyo ta dube shi.

"Sai a kafa kwamiti, Baba. Kwamiti kuwa ba ya duba furfura, har fanshonka sai ya taɓa. Ni ban ji ka ce komai ba."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Da azahar ya je gida kamar kullum, ya juya matar, ya gaya mata. Ta dube shi da idonta mai lafiya ta ce da ma ta san duk abin da ya haɗa shi da ƙaninta ba ya ƙarewa da alheri, tun ranar ɗaurin aure.

Ranar Litinin ya hau mota da jaka ɗaya. 'Yarsu ta baro gidan mijinta da goyo ta zo jinya, tana ɗaga uwar tana shan faɗa. Shi kuma sai Asabar yake zuwa, ya duba bayan matar, ya tarar da jan tabo ya fara fitowa a ƙugu. A sabon wurin ma'aikata sun taru suna jiran ya koya musu sirrin, ya ce musu haƙuri ne kawai da yi wa mutane bayani, suka rubuta a littafi.

In ana maganar riba, Mai Kemis ya ci, don mutanen unguwa sun saba da tsallakawa, ko da sabon shugaba ya zo ba su daina ba. Ofis ma ya samu koren da zai nuna wa na sama da shi. Asara kuwa ta faɗa kan masu shan maganin kwana biyu a madadin bakwai, da asibitin da aka rage wa kason magani tunda rajista ta nuna ba ya buƙata, da wata mata da ke kwance tana sauraron ƙofa duk azahar. Baba Allura shi ne bai tsaya lissafa nasa ba, yana dai cikin mota.