Takin da Na Roƙa

Ni na tsayar da tifar da hannuna. Duk unguwa an san haka, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗa mini a ido sai direban.

A lokacin shekara biyu ke nan da aka ba mu jiha, Jalingo ta cika da baƙi, shara ta yi yawa har ana rasa inda za a kai ta. Gidanmu yana ƙarshen unguwar Sintali. A bayansa akwai 'yar gonata mai gangarowa zuwa katangarmu, a tsakar gida kuma rijiyar da mahaifina ya haƙa. Gida tara ke sha daga cikinta, ba ta taɓa ƙafewa ba ko a tsakiyar bazara.

Tun muna yara haka ake yi: manomi ya samo sharar gari ya baza a gona. Toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa, ƙasa ta cinye su kafin damina ta ƙare. A shekarar takin zamani ya gagara samu, shi ya sa da na ga motar shara za ta wuce na ɗaga wa direban hannu. Sunansa Timoti. Na ba shi zakara, ya juye mini tifa biyu.

Masarar da na yi a shekarar ban taɓa yin irinta ba. Maƙwabcina Barnabas ya leƙo ta katanga yana dariya.

"Malam Manga, wannan masara ce ko rake? In ka zama Alhaji kar ka manta da mu."

Abin da ban lura ba, sharar yanzu ba irin ta da ba ce. Akwai leda, matattun batura, gwangwanin fenti, kayan cikin dabba daga mahauta. Kuma direbobi sun gane hanya. Wurin da aka ware musu yana da nisa, nawa yana kusa. Kafin wata damina gonata ta zama juji, tsibi ya fi rufin ɗakina tsawo.

Wari ya fara zuwa. Matata Fanta ta ƙona turaren wuta har ya ƙare. Muka daina cin abinci a tsakar gida saboda ƙudaje. Da ruwan Agusta ya kankama, wani baƙin ruwa mai kauri ya fara tsatsowa daga gindin jujin, ya bi gangare ya kwanta a jikin katangarmu. Kwana biyu ya ɓace. Na yi murna, na ce ƙasa ta shanye.

Wata safiya Fanta ta miƙo mini moɗa.

"Baban Hamna, sansana."

Ruwan rijiya ne. Ya yi launin shayi, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Na kira masu yasa suka kwashe ruwan tas, suka fitar da laka. Kwana uku ya dawo yadda yake. Muka sa alam, ya kwanta ya yi fari, muka ce an samu sauƙi, muka sha. A makon nan 'yata Hamna, mai shekara huɗu, ta kama gudawa da amai har idonta ya faɗa. Yaran Barnabas biyu su ma. A asibiti aka ɗaura wa Hamna ruwa, ma'aikaciyar ta tambaye ni inda muke ɗiba. Na faɗa. Ta dube ni, ta koma kan aikinta.

Na je na tare Timoti a bakin gonar, ya riga ya juya bayan mota.

"Don Allah ɗan'uwa, ya isa haka. Yara suna kwance."

"Baba, ba kai ka kira mu ba? Har da zakara." Ya yi dariya, sannan ya ga fuskata ya daina. "Ko ni na bari, mota shida ne yana zuwa nan. Je ka ofis."

Na je ofishin masu kula da shara sau huɗu. A na huɗun aka haɗa ni da wani duba-gari, Malam Saleh, dattijo mai haƙuri. Ya zo har gida a kan babur, ya zagaya jujin da hankici a hanci, ya ja guga ɗaya ya duba.

"Malam, in an kwashe sharar, rijiyar za ta gyaru?" na tambaye shi.

"Wa zai kwashe? Da wace mota?" Ya zubar da ruwan a ƙasa. "Ko yau aka kwashe, abin ya riga ya shiga ƙasa. Ni da kai ba za mu ga ranar da za a sha ruwan nan ba. Ka rufe ta kafin ta kashe wani."

Barnabas ne ya kawo tsohon kwano daga rufin ɗakin awakinsa. Muka ɗora a bakin rijiyar, muka danne da duwatsu. Bai yi mini wasa ba ranar. Da muka gama ya ce, "Sai haƙuri, maƙwabci," ya fita bai waiwayo ba.

Yanzu matan gida tara suna tafiya har rafi da bokiti a ka, ta ƙofar gidana suke wucewa. Suna gaishe ni, ina amsawa. Fanta ta kai Hamna garin Iware wurin kakarta, ta ce sai yarinyar ta yi ƙarfi. Kusan shekara ke nan. Na daina tambayar ranar da za a dawo da ita, don in an dawo da ita ban san abin da zan ba ta ta sha ba.

Jiya tifa uku suka zo. A gefen jujin, inda tsohon iri ya zube, masara ta fito da kanta, kore shar, ta fi ni tsawo.