Ranar da Manya Suka Zo Duba Asibiti

A ƙauyenmu, wanda ya cika a waje gawarsa ba ta shiga gida. Rumfar leda ake kafa masa a bakin rafi, a yi makokinsa a can kamar baƙo. Mijina Fusheng ya san haka. Da huhunsa ya ƙare, likita ya ce ba sauran dabara, abu ɗaya ya roƙe ni.

"Guilan, ki kai ni gida da sauran numfashina. A zauren kakannina nake so in kwanta."

Na ce, "Rufe baki, tsoho, ka adana numfashin. Ko a bayana ne zan kai ka."

Na kira ƙaninsa Fugen ya zo da motarsa ta dakon kabeji. Da hantsi sai ga shi ya hawo bene yana haki.

"Matar yaya, sun hana mota shiga. Wai manya za su zo duba asibiti. Harabar duk tukwanen fure ne."

Dama tun da safe na ga alama. An kwashe gadajen da ke baranda, an ba kowa sabon zanin gado, an bi mu ɗaya bayan ɗaya ana koya mana: in an tambaye ku, ku ce kun gamsu.

Na je wajen babbar nas, Pang, neman jakar iskar nan mai kama da matashin kai, wadda ake saƙala wa marar lafiya a hanci don hanya. Ba ita, Fusheng ko bakin titi ba zai kai ba.

"Inna, ki bari su wuce. Ba a fitar da mutum a wannan hali gaban baƙi."

"Mutuwa zai yi, 'yata, ba rawa ba."

"To ai shi ya sa."

Mai makullin ɗakin da ake ajiye jakar kuwa yana ƙasa cikin layin masu jiran tafa wa baƙi.

Na koma na riƙe ƙafar Fusheng. Ya ce, "Motar ta zo?"

"Ta zo."

"To me muke jira?"

Maganarsa ta ƙarshe ke nan; bai jima ba ya cika.

Pang ta ja labule ta zagaye gadon. Can da rana ta take, baƙin suka shigo, takalma sai ƙyalli. Wani mai tabarau ya tsaya a kaina yana murmushi.

"Inna, yaya kika ga aikin wannan asibiti?"

Na fizge labulen. "Ga majinyacin. Tambaye shi, shi ma an koya masa amsa."

Suka fice da sauri fiye da yadda suka shigo.

Bayan tafiyarsu aka buɗe wa motoci ƙofa, Pang ta kawo jakar da kanta. Ta rage murya.

"Ki sa masa a hanci, Inna. Kowa haka yake yi. A ƙauye za su ɗauka yana numfashi, a shigar da shi gida."

Fugen ya dube ni, ya miƙa hannu zai karɓa. Na buge hannun, na juya ga Pang.

"Kai wa baƙinki. Kakanninsa ba masu duba asibiti ba ne da za a yi musu ado."

A bakin rafi muka kafa rumfar. Ruwa ya yi ta zuba, ledar tana yoyo daidai fuskarsa. Ni na riƙe masa lema har aka ɗauke shi.