Ina Nan, Ban Tafi Ba

Gwajin farko ya fito babu komai a jininta. Ma'aikaciyar asibitin ce ta faɗa mata da hantsi, ta ƙara da cewa akwai na ƙarshe nan da 'yan makonni. Ƙarama ta yi godiya, ta fito ta zauna a bencin tashar bas, wayarta a hannu.

Ƙarama suke ce mata a ɗakin wankin otal ɗin da take aiki, saboda masu guga biyu ne a wurin, ɗayar ita ce Babba. Ɗakin a ƙasan ginin yake, ba taga, kullum cikin tururi. A nan ne, wata guda da 'yan kwanaki da suka wuce, ta zura hannu cikin rigar matashi wani abu ya soke ta a yatsa. Allurar sirinji ce da aka yi amfani da ita. Baƙon da ya bar ta ya riga ya tafi.

Babba ba ta tsaya tambaya ba. Ta tsiyayo ruwan bilic da suke jiƙa fararen zannuwa a ciki, ta ce a matse yatsan sosai a tsoma.

"Wane tabo ne ya taɓa gagarar wannan, ƙanwata?"

Ƙarama ta ɗauki kofin ta shiga banɗakin ma'aikata. A bayan ƙofa akwai lambar wani layin kyauta na masu tambaya kan cutar ƙanjamau. Ta daɗe tana ganinta kamar yadda ake ganin tsagar bango. Ta ajiye kofin ta kira.

Mace ce ta ɗauka, muryarta da ɗan dishewa, kujerarta na ƙara duk lokacin da ta motsa. Ba ta tambayi suna ba, ita ma ba ta faɗi nata ba. Ta ce a zubar da bilic ɗin, kada a matse, sabulu da ruwan famfo kawai. Ta ce da wuya cutar ta kama ta wannan hanya, amma akwai maganin kariya da ake sha wata guda, kuma dole a fara shi kafin kwana uku, yau ya fi gobe. Ƙarama ta yi shiru, tana kallon ruwa yana bin yatsanta. Shirun ya yi tsawo.

"Ina nan, ban tafi ba," in ji matar.

Ba ta kashe wayar ba sai da Ƙarama ta cire rigar aiki ta hau bas zuwa asibiti. A hanyar zuwa tasha suka tsara yadda Ƙarama za ta faɗa wa maigidanta. Shi bakanike ne, ba mai yawan magana ba. Da ya ji, sai ya juya yatsan a hannunsa kamar yana duba ƙusa, ya ce daga yau shi zai riƙa tuna mata lokacin shan magani, tunda ita mabuɗin gida ma mantawa take yi.

Maganin ya sa mata jiri da gyangyaɗi. Takan tsaya a gaban teburin guga ta ga zannuwan suna lilo cikin tururi kamar labulen wani gida da ba ta taɓa shiga ba, a bayansu kuma akwai mace zaune a kujera. Wani lokaci tsohuwa ce mai tabarau. Wani lokaci sa'arta ce da goyo. A bas ma takan juya in ta ji disasshiyar murya. Sau ɗaya ta bi wata mata har bakin kantin magani, sai ta ji tana zagin ɗan acaɓa, ta dawo. Babba ta ce in ba a yi hankali ba Ƙarama za ta auri wayar nan.

Yanzu, a bencin, ta sake kiran lambar. Namiji ne ya ɗauka. Ta ce ba matsala ce ta kawo ta ba, godiya ta zo yi wa wata baiwar Allah, ta kwatanta muryar. Ya ce duk masu aikin sa-kai ne, kowa da ranar da yake zuwa bayan ya tashi daga nasa aikin, kuma ba sa ba da suna. Amma zai faɗa wa kowa a lokacin canjin aiki.

Yana cikin magana ta ji ƙarar kujera a bayansa. Can nesa, wata murya tana ce wa wani: "Ina nan, ban tafi ba."

Ƙarama ta miƙe tsaye.

"Ita ce wannan."

"In yi mata magana, Hajiya?"

Ta saurara. Muryar ta yi shiru, irin shirun da ta sani.

"A'a, malam. Tana tare da wani. Ƙyale ta."

Bas ta iso, ta shiga. Aikin rana take da shi, zannuwa na jiran ta. Gwajin ƙarshe sai wata mai zuwa.