Ranar da Inna Balki Ta Kira Sunan Ɗanta

Ramatu ta fito daga aji kamar an harbo ta. Ko sallama ba ta yi wa ƙawayenta ba, ta haye mobilet ɗinta ta nufi unguwarsu ta Bobiyel a Yamai, farar rigarta ta ɗaliban jinya tana kaɗawa a baya.

Magana guda ce ta tayar da ita. Wata lokotoro, wato likita, mai duba masu taɓin hankali ce ta faɗa musu a darasin ranar, cewa sau da yawa zuciya ke fara jin ciwo, sannan kai ya tashi neman dalili, kuma duk dalilin da ya samu sai ya rungume shi ko da ba shi da kan gado. Mai gardama da dalilin, in ji ta, ɓata yawunsa yake yi, ciwon ya kamata a nema. Sauran ɗalibai rubutawa suka yi saboda jarrabawa. Ramatu kuwa mahaifiyarta ta gani zaune a gabanta.

Shekarar fari ce, lokacin da sojoji ke riƙe da ƙasa, su ne kuma ke rabon jar dawa ta taimako. Mahaifiyar tata, Inna Balki, ta baro ƙauyensu na jihar Tawa ta tare wurin ɗanta Ado a Yamai, bayan rasuwar Halidu, ɗanta na fari. Shi Halidu ya kora ragowar shanunsu kudu neman ciyawa, ciwo ya kayar da shi a hanya, labari kawai ya dawo gida. To, kowa ya san kunyar ɗan fari. Tun da Inna ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce wancan. Ranar zaman makoki ta zauna ido a bushe, mata suna ta yaba mata dauriya, ba wanda ya lura cewa yabon nan dutse ake ƙara ɗora mata.

Da damina ta sake yin gardama sai Inna ta samo dalilinta.

“Uwar da ɗanta ya mutu idonta bai kawo ruwa ba, ƙaƙa sama za ta kawo?” in ji ta. “Ni na kulle ta.”

Daga nan ta ture akushi. Ta ce kowace loma haƙƙin mutanen da ta jefa cikin yunwa ce. Sai kurɓin kunu, shi ma da lallashi, har awarwaronta ya soma zamewa zuwa gwiwar hannu.

An yi iya yi, ba za a ce ba a yi ba. Ado, da yake mushe ne a lakwal, wato malamin makarantar boko, taswira ya ɗauko ya shimfiɗa mata a tabarma, ya nuna mata Mali da Cadi har Habasha, duk fari ne, ya ce ina ruwan waɗannan ƙasashe da idonta. Inna ta dubi taswirar da kyau, ta girgiza kai, ta ce ashe har can laifinta ya kai. Liman ya zo ya ce ruwa na Allah ne. Ta ce gaskiya ne malam, ta sha rubutu, ta sake ture tuwo. Ado ya gaji, ya yanke cewa gobe zai kai ta asibiti a kwantar. Ramatu ta san ɗakin masu taɓin hankalin, a can take koyon aiki, ta kuma san tsohuwar da ta ƙi abinci a hannun ’ya’yanta ba za ta karɓa a hannun baƙo ba. Tsoron da take kwana da shi ke nan, kada a kai Inna da ƙafa a dawo da ita a makara.

Amma yau murna ce ke tuƙa ta, kuma sai ta tarar garin ma haka yake. Da safe an yi roƙon ruwa, ga shi yanzu gabas ta yi baƙi ƙirin. Mata sai fito da robobi da tuluna suke yi. Wani direban taksi ya leƙo kai yana ta matsa oda ba gaira ba dalili. Sojan da ke tsare hanya, wanda kullum sai ya juya takardunta kamar mai zaɓen atamfa, yau sama yake kallo da baki buɗe, ya yi mata hannu ta wuce.

Ta tarar da Inna a gindin bango, carbi a hannu, ta ba hadarin baya. Ado na kan ɗaura mazurari a bakin kwanon rufi. Ramatu ta raɗa masa ya ba ta zuwa magariba, kuma duk abin da ya ji kada ya sa baki. Ya ce in dai wani sabon karatun ne, shi ya riga ya gwada karatu.

Ramatu ita ce auta, kuma auta tana da bakin da ba a mari. Ta zube kusa da Inna ta miƙe ƙafa.

“Inna, yau a lakwal an ce kowa ya ba da labarin babban wansa. Na ce Yaya Halidu kaka ce ta raine shi, ke ba ki san komi nasa ba.”

Inna ta ci gaba da jan carbi.

“Na ce musu shi ba ya shan nono sam, ƙyamarsa yake yi.”

Carbin ya tsaya.

“Wa ya ce miki? Ƙarya kin shirga ma mutane. Wancan in bai sha kindirmo ba ba ya kwana.”

Daɗi ya rufe Ramatu. Rabon da ta ji faɗa a muryar Inna har ta manta. Ta danne murmushi ta ƙara wata.

“Na ce tabon goshinsa kuma faɗa ya yi da yara.”

“Wane faɗa? Maraƙi ya ture shi bakin rijiya. Ni na ɗauke shi, ke kina ina?”

“Ke kika ɗauke shi? Ba kunyarsa kike ba?”

“Ba kowa wurin,” in ji Inna a hankali.

Shi ke nan, bakin buhu ya kwance. Ta faɗi yadda takan laɓe bayan rumbu ta ba shi mama in surukarta ta tafi daji. Ta faɗi yadda takan zuba masa man shanu a ƙasan tuwo ta rufe, kada a gani a ce ta nuna so. Ranar da zai kora shanu ya zo ya durƙusa yana sallama, ita kuwa ta juya baya tana tankaɗe, don mutane na tsaye, ta ce masa kurum Allah ya kiyaye. Iska ta taso tana kaɗa ƙyauren gida, yaran unguwa suna ihu a waje suna kiran ruwa, Ado ya sandare riƙe da igiya.

“Da kin juyo, Inna, me za ki ce masa?”

Sunan da tsohuwar ta riƙe tun tana yarinya ya fito da ƙyar, kamar ba bakinta ba.

“Halidu,” ta ce. “Halidu, ɗana, kada ka tahi.”

Kukan da ya biyo baya ba na ’yan birni ba ne. Ta faɗa jikin Ramatu tana gunji tana kiran sunan, sau nawa ne ma, wa ya ƙirga. Ado ya juya fuska bango kafaɗunsa suna rawa. Ramatu na kuka, amma wallahi cikinta fari ƙal, don ta san abin da take nema ke nan.

Sai kuma wani tsoro ya dirar mata. In aka kece da ruwa yanzu fa? Inna za ta ce ga shi nan, hawayenta suka buɗe sama, kuma duk ranar da aka sake fari laifin zai dawo kanta. Duk Yamai na roƙon ruwa, ita kuma Ramatu ta rasa abin da za ta roƙa, kunya ta kama ta.

Hadarin ya yi ta cika baki, ya yi rugugi, ya yayyafa abin da bai jiƙa ko gindin roba ba, sannan iska ta kore shi hayin kogi. Ihun yara ya mutu. Maƙwabciya ta ja tsaki tana kwashe tulunanta.

Inna ta ɗago, fuska sharkaf, ta daɗe tana kallon sama. Ta shafa kumatunta ta dubi tafin hannunta.

“Na yi kuka,” ta ce. “Ga shi har zane ya jiƙe. Ba ta zubo ba.”

“Ba ta zubo ba, Inna.”

“Ashe sama ba ta san da ni ba ma.” Ta yi ajiyar zuciya mai tsawo. “Ɗana dai na rasa.”

Can Inna ta gyara ɗaurin kallabi, ta harari Ramatu da jajayen idanu.

“Ke kuma maƙaryaciya, gobe ki koma ki gyara abin da kika hwaɗa ma mutane a kansa. Tashi ki dama mini hura. Ki sa nono da yawa, irin yadda Halidu ke so.”